Wa ke yaba fim, kuma me suke dubawa? Daga Parasite zuwa Mai Martaba

Akwai wani yaro mai tura fina-finai a waya a bakin layinmu. Jarinsa kwamfuta ɗaya ce, da ɗan janareto, da benci. Kwanaki na tsaya karɓar wayata daga caji, sai ya ce, "Malam, in sa maka na Japanawan nan? Kyauta 18 ya ci, wallahi ba a taɓa yi ba." Na ce wa ya ba shi kyautar? Ya sosa ƙeya ya ce, "Turawa mana." Na ce waɗanne daga cikin Turawan, kuma me suka duba? Sai ya yi dariya ya ce, "Kai dai Malam kawo wayar."

Shogun yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba. A watan Satumban 2024 fim ɗin mai dogon zango ya kwashe lambobi 18 a Emmy, babbar gasar talabijin ta Amurka, adadin da babu wani zango guda da ya taɓa samu a tarihin gasar. Amma tambayar da na yi masa ba ta zolaya ba ce. Wannan kirari na "fim ɗin da duniya ta yaba" ba daga sama yake faɗowa ba. Hanya ce mai ƙofofi, kowace ƙofa da mai gadinta, kuma a 'yan shekarun nan ɗaya daga cikin manyan ƙofofin ta buɗe, wasu kuma suna nan garƙame kamar yadda suke.

Fim na silima, irin mai ɗauke da labari mai nauyi, yawanci daga bikin baje koli yake fara tafiya. Manyan bukukuwan su ne na Cannes a Faransa cikin watan Mayu, na Venice a Italiya wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, na Berlin a Jamus cikin Fabrairu, sai na Toronto a Kanada da na Sundance a Amurka. A Cannes, alƙalan babbar gasa yawanci mutum 9 ne kacal, 'yan fim daga ƙasashe daban-daban, su kalli fina-finai wajen 20 cikin ƙasa da mako biyu, su kulle kansu a ɗaki su fitar da gwani. Ra'ayin mutum 9 ne, amma nauyinsa ya fi ƙarfin adadinsu, domin a wajen bikin akwai 'yan jarida da masu sharhi dubbai, akwai kuma 'yan kasuwa masu sayen haƙƙin nuna fim. Su waɗannan 'yan kasuwa su ne ba a cika maganarsu ba, alhali da ɗan gari akan ci gari. Kamfani guda, Neon, shi ne ya riƙe haƙƙin nunawa a Amurka na fina-finai 6 a jere da suka ci babban kambun Cannes daga 2019 zuwa 2025, kuma biyu daga cikinsu, Parasite da Anora, sun je sun ci babban kambun Oscar, babbar gasar fina-finai ta Amurka.

Oscar kuwa ba alƙalai ba ne, zaɓe ne. Masu kaɗa ƙuri'a kusan mutum 10,000 ne, duk 'yan sana'a: jarumai, daraktoci, marubuta, masu ɗaukar hoto, masu haɗa sauti, masu ɗinki da kwalliya. A matakin farko kowane reshe yana fitar da 'yan takarar fanninsa, daraktoci su zaɓi daraktoci, jarumai su zaɓi jarumai, sannan a zagayen ƙarshe kowa ya jefa ƙuri'a. Gwarzon fim na shekara yana da nasa tsarin dabam: mai zaɓe yana jera fina-finai 10 daga wanda ya fi so zuwa wanda bai dame shi ba. Idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu na masu shi, a yi ta haka har a samu wanda ya haura. Ma'ana, fim ɗin da rabin jama'a ke mutuwar so, rabi kuma suka tsana, yakan sha ƙasa a hannun wanda kowa ya sa a na biyu ko na uku. Emmy, wadda ta talabijin ce, ita ma zaɓen 'yan sana'a ce, mambobinta sun haura 20,000.

To me ya canza? Masu zaɓen ne suka canza. A 2012 jaridar Los Angeles Times ta binciki mambobin ƙungiyar da ke ba da Oscar, ta gano kashi 94 cikin 100 farar fata ne, kashi 77 kuma maza. Da aka yi shekara biyu a jere, 2015 da 2016, ba baƙar fata ko ɗaya cikin jarumai 20 da aka tsayar takara, surutu ya yi yawa, sai ƙungiyar ta shiga gayyato sababbin mambobi ɗaruruwa duk shekara, da yawansu daga wajen Amurka. Mutumin da ya tashi a Seoul ko Legas ko Mumbai, karanta fassara a ƙasan allo ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Shekara huɗu bayan wannan gyara, a Fabrairun 2020, Parasite na Koriya ta Kudu ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzon fim na shekara, bayan an shafe sama da shekara 90 ana gasar. Lambobi 4 ya ɗauka a daren.

Daraktansa, Bong Joon-ho, ya taɓa yi wa Amurkawa shaguɓe a wani taron ba da lambobi wata guda kafin nan, ya ce in da za su tsallake 'yar katangar nan ta fassara da tsayinta bai wuce inci ɗaya ba, da sun ga fina-finai masu ban mamaki. Duk lokacin da na tuna maganar sai in yi murmushi, don mu wannan katanga ba mu taɓa saninta ba. Iyayenmu sun cika silimun Kano da Kaduna da Damagaram suna kallon fina-finan Indiya shekara da shekaru, ba fassarar baki, ba ta rubutu, suna kuka inda ya kamata a yi kuka, suna haddace waƙoƙin da ba su san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Abin da Amurka ta gano a 2020, ɗan kallo a Fagge ya san shi tun zamanin Gowon.

Bayan Parasite sai abin ya zama kamar an ɓalle madatsar ruwa. Squid Game ya fito a Netflix a Satumban 2021, labarin mutum 456 da bashi ya yi wa katutu suka shiga wasannin yara da ake biya da rai. Marubucinsa ya yi kusan shekara 10 yana yawo da labarin ba mai saye. A 2022 jaruminsa, Lee Jung-jae, ya zama na farko da ya ci Emmy ta gwarzon jarumi da wasan da ba na Turanci ba. Sai Shogun, wanda mafi yawan maganar cikinsa Japananci ne. Sai I'm Still Here, da ya kawo wa Barazil Oscar ta farko a rukunin fina-finan ƙasashen waje a Maris ɗin 2025.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ba yawan lambobin ba ne. Shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya sassauta kansa don baƙo ya gane. Kowanne ya zauna daram a gidansu.

A ɗauki Parasite. Iyali ne na mutum huɗu da ke zaune a wani ɗaki rabinsa a cikin ƙasa, tagarsu tana daidai da ƙafafun masu wucewa. Da dabara suka shige gidan wani attajiri ɗaya bayan ɗaya: ɗan ya zama malamin darasin gida, 'yar ta zama malamar zane, uban direba, uwar mai aikin gida, duk suna nuna ba su san juna ba. Abin da ya fara tona su ba takarda ba ce, ba kuma suɓutar baki ba. Ƙaramin yaron gidan ne ya shinshina direba, ya je ya shinshina mai aiki, ya ce ai warinsu ɗaya. Za su iya sauya sabulu, amma warin na ɗakin da suke kwana ne. Daga nan wannan wari ya zama igiyar da ta ja labarin har zuwa jini. Akwai kuma daren da aka tafka ruwan sama: unguwar talakawa ta cika da ruwan masai har wuya, suka kwana a zauren wasanni, washegari uwargidan attajiri tana zaune a bayan mota tana waya, tana murnar ruwan jiya ya wanke sararin samaniya, direban da gidansa ya nutse yana jin ta. Ba wanda ya tsaya ya yi huɗuba a kan talauci da arziki. Ɗakin nan na cikin ƙasa abu ne na birnin Seoul, haka taliyar leda da uwargida ta sa a dafa mata da naman sa mai tsada, wadda sai da mai fassara ya ƙirƙiro mata sabon suna don babu ita a Turanci. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan mai kuɗi yana duba takalminsa ya san abin da ake faɗa.

Shogun ya fi ba da sha'awa ta fuskar harshe, don an taɓa yin sa a 1980 daga littafi ɗaya. A wancan, idan Japanawa suna magana ba a fassara wa mai kallo, an bar shi cikin duhu tare da Baturen matuƙin jirgin ruwa da ya faɗo ƙasar a shekarar 1600. Ido na Bature ne, Japanawa kuwa abin kallo. A na 2024 sai aka juya tabarmar. Mai kallo yana jin duk abin da sarakunan yaƙi ke ƙullawa, Baturen ne bai san dawan garin ba. Daɗin kallon yana wurin tafinta, Mariko, matar da aka sa tsakaninsa da ubangidanta Toranaga. Baturen zai fusata ya yi gatsali, ita kuma ta juya ta miƙa maganar cikin ladabi, an cire mata ƙaya. Kai da ke karanta fassara ka ji abin da aka faɗa, ka kuma ji abin da aka isar, ka ga inda mulki yake na gaskiya. Wanda ya taɓa zama a fada ya ga yadda ake ɗaukar maganar talaka a gyara ta kafin ta isa kunnen sarki, ba sai an yi masa bayani ba. Hiroyuki Sanada, wanda ya fito a Toranaga, yana cikin masu shirya fim ɗin, kuma shi ya dage a ɗauko ƙwararru daga Japan su kula da sutura, da zama, da tafiya, da yadda ake riƙe takobi, duk da cewa a Kanada aka ɗauki fim ɗin. Aikin ɗauka ya ci sama da wata 9, don kashi 10 kawai.

Na Barazil ɗin labarin gaskiya ne. A 1971, zamanin mulkin soja, aka zo gida aka tafi da tsohon ɗan majalisa Rubens Paiva, bai sake dawowa ba. Fim ɗin bai bi shi ɗakin azaba ba, ya tsaya da matarsa Eunice da 'ya'ya biyar. Akwai inda mai ɗaukar hoton wata mujalla ya zo, ya nemi iyalin su ɓata fuska don hoton ya dace da labarin, ita kuma ta ce wa yaran su yi murmushi. Sai bayan shekara 25 gwamnati ta ba ta takardar shaidar mutuwarsa, ta ɗaga ta gaban 'yan jarida tana fara'a.

Kada a ɗauka sai na wani harshe ake yabawa. Wanda ya fi tayar da ƙura a 2025 na Ingila ne, Adolescence, kashi 4 kacal. Kowane kashi, kusan awa guda, ɗauka ɗaya ce ba yankewa: kyamara ta tashi ba za ta tsaya ba sai an gama. An buɗe da 'yan sanda sun ɓalle ƙofar wani gida da sassafe, sun haura sama, sun tsaya da bindigogi a kan yaro ɗan shekara 13 da ya jiƙa wandonsa don tsoro. Kana tare da su a mota, a wurin ɗaukar hoton yatsu, a ɗakin tambayoyi, ba inda za ka samu ka numfasa. Kafin kashi na farko ya ƙare an nuna wa uban bidiyon ɗansa yana daɓa wa 'yar ajinsu wuƙa. Ke nan ba "wa ya yi" ake nema ba, "me ya kai shi" ake nema. Amsar kuma ba ta da daɗi: ba gidan da ya watse ba ne, ba uba mashayi ba, yaro ne da yake rufe ƙofar ɗakinsa da kwamfuta, iyaye suna ganin ai yana gida, ya tsira daga sharrin titi. Kowane kashi mako uku aka ba shi, biyu na gwaji, ɗaya na ɗauka, ana maimaita awar nan gaba ɗaya sau da yawa har a samu wadda ta tsaya. Yaron da ya yi wasan, Owen Cooper, bai taɓa fitowa a fim ba, ya ci Emmy yana da shekara 15. Firaministan Birtaniya da kansa ya goyi bayan a nuna fim ɗin kyauta a makarantun sakandare. Ni dai da na gama kallo sai da na leƙa ɗakin yara na ga wa ke riƙe da waya.

Zuwa nan labarin yana da daɗin ji: ka yi aiki mai kyau, ka tsaya a kan al'adarka, duniya za ta zo. Rabin gaskiya ke nan. Ɗaya rabin kuɗi ne, masu gidan rana.

Mai kaɗa ƙuri'a mutum ne mai aikin gabansa, kuma fina-finai ɗaruruwa ne ke neman idonsa. Ba zai zaɓi abin da bai kalla ba. Saboda haka daga Satumba zuwa Maris ana yin abin da su da kansu suke kira kamfe, kuma bai da maraba da na siyasa: a kama silima a Los Angeles da New York da Landan a nuna fim kyauta, a yi walima, a sayi shafukan talla a mujallun sana'ar, a ɗauki darakta da jarumai ana yawo da su gari-gari suna amsa tambayoyi iri ɗaya har muryarsu ta dishe. Anora, da ya ci Oscar 5 a 2025, an yi ta yabonsa a matsayin ƙaramin fim da aka yi da kusan dala miliyan 6. Rahotannin mujallun sana'ar sun ce abin da aka kashe wajen tallarsa da rarraba shi da kamfe ya kai wajen dala miliyan 18, ninki uku ke nan na kuɗin yin fim ɗin. Wannan shi ake kira ƙarami.

Sai ƙofa mafi ƙunci, wadda ta fi shafar irinmu: rukunin fina-finan ƙasashen waje. Dokar da aka daɗe ana bi a wannan rukuni na Oscar ita ce kowace ƙasa fim ɗaya za ta aiko, kwamitin cikin gida ne zai zaɓa, dole a nuna shi a silima kwana 7 a jere, kuma sama da rabin maganar cikinsa kada ta zama Turanci. Ƙasashe sama da 80 ke aikowa duk shekara, a tace zuwa 15 a Disamba, a sake tacewa zuwa 5 a Janairu. Matsalar fim ɗaya ga kowace ƙasa ita ce ta ba kwamitin gida iko fiye da kima. Faransa ta ƙi aika Anatomy of a Fall duk da ya ci babban kambun Cannes a 2023, ta aika wani da bai kai cikin biyar ɗin ƙarshe ba, shi kuma wanda aka ƙi ya bi ta babbar ƙofa ya ci Oscar ta rubutun labari. Indiya ta tsallake All We Imagine as Light, wanda ya zo na biyu a Cannes a 2024. Iran kuwa tata ta fi tsanani, don daraktocinta da duniya ta fi yabo su ne gwamnati ke ɗaurewa. Mohammad Rasoulof ya tsere daga ƙasar a 2024, Jamus ce ta ɗauki fim ɗinsa ta aika da sunanta. Jafar Panahi ya ɗauki nasa a ɓoye ba izini, ya ci babban kambun Cannes a 2025, Faransa ta aika shi.

A duk tarihin rukunin, sau uku kawai aka ci da sunan wata ƙasar Afirka: Aljeriya, Kodebuwa, da Afirka ta Kudu da Tsotsi a 2006. Biyun farko ma daraktocinsu Turawa ne.

Najeriya ta fara aikawa a 2019 da Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito a ciki. Tun kafin a fara tantancewa aka cire shi, domin cikin minti 95 wajen 11 ne kawai ba Turanci ba. An yi ta cece-ku-ce, ana cewa laifin wa ne idan Turanci ya zama harshen hukuma a Najeriya, amma doka ba ta motsa ba, illa daga baya da aka amince da Turancin buroka a matsayin harshe mai zaman kansa. Wannan doka da ta kayar da Legas ita ce ta buɗe wa Hausa hanya. Cikin fina-finai ukun da Najeriya ta aika aka karɓa daga 2020 zuwa 2024, biyu da Hausa aka yi su. Na farko The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, labarin 'yan mata Fulani biyu 'yan uwan juna da masu tayar da ƙayar baya suka sace, wanda aka ɗauka a jihar Taraba. Ya ci lambobi 5 a gasar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2020, ciki har da gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta ci ta mataimakiyar jaruma. Na biyu Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, labarin rikicin gadon sarauta da aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango yana ciki. A tsakaninsu akwai Mami Wata, mai hoto baƙi da fari, da ya ci lambar ɗaukar hoto a Sundance a 2023. Babu ɗaya da ya shiga cikin 15.

Za a iya cewa ingancinsu ne bai kai ba, kuma akwai wurin muhawara a nan. Amma ko da ya kai, fim ɗin da bai bi ta babban biki ba, ba shi da ɗan kasuwa a Amurka, ba shi da kuɗin kama silima a Los Angeles, ya shiga layi ne da fina-finai sama da 80 yana fatan wani ya danna shi. Maƙwabtanmu da suka yi nisa duk ta hanyar bukukuwa suka bi. Oumarou Ganda na Nijar shi ya fara cin babban kambun FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya ci lambar alƙalai a Cannes a 2010. Goodbye Julia ya kai Sudan Cannes karon farko a 2023, ana tsakiyar yaƙi. Su biyun nan na baya da haɗin gwiwar kuɗin ƙasashen waje aka yi su. Misali mafi kusa shi ne My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., labarin uba da 'ya'yansa biyu a Legas lokacin rikicin zaɓen 1993, fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga jerin zaɓaɓɓun Cannes, a 2025. Da kuɗin cibiyoyin Birtaniya aka yi shi, kuma da lokacin Oscar ya zo, Birtaniya ce ta aika shi da sunanta.

Wani abin lura shi ne fina-finan Hausan nan biyu ba su fito daga inda Bahaushe yake kallonsa na yau da gobe ba. Inda yake kallo dabam ne, kuma can ma akwai yabo, sai dai ma'auninsa wani ne. Tun da kasuwar faifai ta mutu, Kannywood ta koma talabijin da YouTube. Arewa24 ta share fage da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi, sannan a 2020, lokacin kullen korona, Izzar So da Labarina suka mayar da fim mai dogon zango abin da gari ke jira duk mako. A nan alƙali shi ne adadin masu kallo, da sharhin da ke ƙasan bidiyo, da musun da ake yi a majalisa da gidan biki kan wa ya kyauta wa bai kyauta ba. Ni ban raina wannan yabo ba ko kaɗan. Labarin da ya sa matan unguwa suka yi fushi da mutumin da babu shi a duniya ya yi aikinsa.

Amma hanyar samun kuɗin ita ke tsara siffar labarin. Idan abincinka yana fitowa daga tallar da ke cikin kowane kashi, ta shadda da turare da filaye da maganin gargajiya, to kashi 4 ba zai ciyar da kai ba, sai 40, sai 100. Dole a ja magana, a maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani, a tsayar da kyamara a falo mutum biyu suna bayanin abin da ke ransu. Mako uku da aka ba kashi ɗaya na Adolescence, a nan ya isa a ɗauki zango guda. Ba rashin basira ba ne, marubuta da jarumai masu kyau suna nan. Shi mai yin kashi 4 wani kamfani ne ya biya shi kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya kunna kyamara, shi kuwa namu sai na wannan makon ya fita zai san da me zai yi na gaba. Wancan yana iya barin wari ko murmushi ya ɗauki nauyin labari don ya san mai kallo yana zaune a nutse. Namu yana tsoron mai kallon da ke tuƙa tuwo da hannu ɗaya, waya a jingine da bokiti, data tana ƙarewa.

Da na koma karɓar wayar da yamma, yaron ya riga ya zuba min kashi 10 na Japanawansa. Na ce ya ƙara min The Milkmaid. Ya buga sunan a kwamfuta, ya goge, ya ce in maimaita masa harafi-harafi, ya sake bugawa. "Malam, na Indiya ne?" Na ce na Hausa ne, har Oscar aka kai shi. Ya ɗago ya dube ni ya ga ko wasa nake, sannan ya ce zai tambayi ogansa a kasuwa, amma in ina so akwai sabon Labarina da ya sauka jiya da dare.